Kyamarar Mai Hoto Ta Rufe Ido

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Mai Hoto na bakin layi, shi kaɗai, ba da yawun iyalinsa ba, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabtan shago, da duk wanda ya taɓa zama a kan kujerarsa ya gyara hula ko ɗankwali, cewa kyamararsa, wadda kowa ya fi sani da Tsohuwa, rai ya yi halinsa. Ta cika a cikin shagonta, a hannun mai ita, bayan gajeriyar jinya ta kumburin ciki. An ɓoye mutuwar na ɗan lokaci saboda dalilin da za a bayyana a ƙasa, kuma wanda ya ɓoye ɗin ba ya neman afuwar kowa.

An ce ba da yawun iyali ba, domin a gidan akwai waɗanda wannan rashi bai hana su neman ƙarin abinci ba.

Marigayiyar ba 'yar gidan manya ba ce, kuma ba a cikin kwali aka kawo ta ba. A zamanin da fim ya fara wuyar samu, masu wankin hoto suna rufe ɗakunansu ɗaya bayan ɗaya, Mai Hoto ya shiga kasuwar kayan lantarki neman kyamarar zamani wadda aljihunsa zai iya ɗauka. Ya zaga har ƙafafunsa suka yi nauyi. Wadda ta kwanta masa a rai, kuɗinta ya kore shi. Wadda kuɗinta ya yi masa daidai, ya ga ba zai iya tsayawa gaban mutane da ita a kira shi mai sana'a ba. Yana shirin komawa gida hannu biyu sai ya hango ta a kan wani ɗan teburi, ta hannu ce, babu ko murfi a idonta, wani ya riga ya ci ƙuruciyarta ya yar. Ya ɗaga ta, ya ji nauyinta ya cika masa hannu, bai ƙara ajiye ta ba. Da ya iso gida da ita a cikin leda, matarsa ta leƙa ta ce, "Malam, wannan tsohuwar ka kwaso mana?" Daga ranar sunan ya bi ta.

Ta yi shekaru goma sha wani abu tana ciyar da gidan da aka yi mata wannan maraba. Ta ɗauki masu neman aiki da masu neman makaranta, ta ɗauki amare da jarirai da tsofaffin da 'ya'yansu suka jawo da ƙyar. Ta shiga rana, ta shiga cunkoso, an watsa mata lemo a wajen biki ba ta ce uffan ba. Ba ta san ƙarya ba. Ba ta ƙara wa kowa hasken fata, ba ta goge wa kowa tabo, irin yadda wayoyin yanzu suke yi har mutum ya kasa gane ƙanwarsa. Idan aka kunna ta da safe takan yi ɗan gunaguni, *zuuu*, kamar dattijuwar da aka tasa daga barci, amma ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Babbar baiwarta kuwa daga lalura ta samo ta. A wani biki, masu rige-rigen shiga hoto suka bangaje Mai Hoto, ta suɓuce ta faɗi a kan siminti. Tun daga ranar ta zama mai nawa. Idan an danna ta, sai ta ce *zuuu*, ta ce *tit-tit*, ta tsaya ta yi tunani, sannan ta ce *ƙyas*. Mai gyaran da ake kira Likita ya ce aiki ne na ɗan lokaci, a bar masa ita. Mai Hoto ya ce to, sai an kwana biyu. Kafin kwana biyun su cika ya duba hotunan da ta ɗauka a cikin lalurar, ya ga abin da ya sa bai ƙara kai ta a taɓa wajen ba.

Mutum idan ya zauna gaban kyamara, aron fuska yake yi. Ya ƙame wuya, ya zaro ido kamar an kama shi da kayan sata, hankalinsa duk yana kan yatsan mai hoto. Da ya ga yatsa ya danna, Mai Hoto sai ya ce, "An gama, sannu da ƙoƙari." Nan take mutum zai sauke numfashi, kafaɗunsa su sauko, wani ya yi murmushin jin kunya, wata ta juya za ta harari mijinta. A daidai nan Tsohuwa take cewa *ƙyas*. Shi ya sa hotunan shagon suke kama da masu su. Mutane sukan ce hannun Mai Hoto ne, shi kuma ba ya musu, amma kowace yamma yakan goge ta da gefen rigarsa kafin ya goge nasa gumin.

Yanzu kuma sai a zo ga maganar da ta sa wannan mutuwa ta fi ƙarfin mutuwar na'ura. Mai Hoto yana da babban ɗa, wanda ya gama karatu ya nemi aiki har takardunsa suka yi laushi, bai samu ba. Ya yi aure, yana zaune da matarsa a ɗakin baya na gidan ubansa, idonsa kuma yana kan shagon, yana son ya mayar da shi wurin sayar da caja da gilashin waya da rigunan waya. Wannan sanarwa ba za ta ce ba shi da hujja ba. Masu zuwa ɗaukar hoto sun ragu, gwiwar Mai Hoto ta fara ciwo, kuma mai iyali ba ya rayuwa da jira. Amma wata rana ana cin abinci, a gaban uwarsa da kawunsa, ɗan ya ce, "Baba, don Allah ka huta haka nan. Kowa yanzu da kyamararsa a aljihu."

Mai Hoto ya cire hannu daga kwano. Ya ce, "Ranar da Tsohuwa ta mutu, ka zo ka karɓi makulli. Kafin nan kada wanda ya ƙara yi mini maganar shago a gidan nan."

Ya faɗa ne don ya rufe bakin mutane, yana ganin wadda ta faɗi a kan siminti ta tashi ba abin da zai kayar da ita. Sai kawun ya ce shi shaida ne. Daga ranar, kowace safiya ɗan zai durƙusa ya gaida ubansa da ladabi, sannan ya ƙara da cewa, "Ya jikin Tsohuwa?" A tarihin gidan ba a taɓa samun majinyacin da aka damu da lafiyarsa haka ba.

Mai Hoto ya riƙe ta kamar ƙwai. Da murfin batirinta ya karye, ya ɗaure shi da roba. Da fatar jikinta ta fara ɓarewa, ya bi ta da baƙin salatif. Idan hadari ya haɗu, ita ake fara naɗewa a tawul kafin a kwashe komai. Ya san sarai ba kyamara kaɗai yake lallaɓawa ba, buɗe ƙofar shagonsa na gobe yake lallaɓawa.

Ciwon ajali ya shigo ta hanyar kyauta. Batirinta na asali ya tsufa, ba ya riƙe wuta, kuma an daina yin irinsa. Wata rana ɗan ya dawo daga kasuwa da wani batir a cikin takarda mai ƙyalli, ya ce, "Baba, na ga naka yana ba ka wahala. Wannan na samo maka da sauƙi, sun ce daidai yake da na asali." Wannan sanarwa ba ta zargin kowa. Tana dai faɗin wanda ya sayo batirin. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya sayo, kuma Mai Hoto ya fi son ya yarda da hakan a ranakun da ya tashi da daɗin rai, sai dai irin waɗannan ranaku sun yi ƙaranci.

Batirin ya yi 'yan makonni yana aiki, sannan ya fara kumbura a cikinta har robar murfin ta miƙe. Wata hantsi, wata mata tana zaune ana shirin ɗaukar ta hoton fasfo, aka danna Tsohuwa. Ta ce *zuuu*. Aka jira *tit-tit*, ba ta ce ba. Wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya tashi, fuskar kyamarar ta yi baƙi. Wannan *zuuu* ɗin shi ne maganarta ta ƙarshe.

Likita ya kwance ta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye sukudireba. Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Cikin ya ƙone ƙurmus. Ko ni na ƙera ta ba zan iya tayar da ita ba." Mai Hoto ya roƙe shi ya bar maganar a tsakaninsu, ya naɗe gawar a tawul, ya koma shago ya sa ta a durowar ƙasa ya kulle.

Washegari ya ce wa mutanen gida zai je sayen takardar firinta. Kasuwar kayan lantarki ya nufa, da niyyar da bai faɗa wa kowa ba: ya samo wata irin Tsohuwa sak, ya sa mata kayanta, a ci gaba da gaishe ta da safe. Ya tarar kasuwar ta canza masa. An jera masa kyamarori masu launin alewa, waɗanda da kaɗan suka fi kwalin ashana nauyi, kowace an rubuta mata alƙawura a jiki fiye da na mai neman ƙuri'a. Wani ya ce, "Baba, wannan har bidiyo take yi, kuma da kanta take gyara fata." Wani ya ƙaƙaba masa fitila mai kamar zobe ya ce yanzu ita ake yayi. Da ya faɗi irin wadda yake nema, suka dubi juna, ɗaya ya ce, "Baba, kayan tarihi kake tarawa?" Mutumin da ya ɗauki iyayensu hoto ranar aurensu ya tsaya ana masa dariya, ya haɗiye, ya ƙara gaba.

A can ƙarshen kasuwa ya samu shagon wani da ake kira Ba-Matsala, wanda ya tona wani kwali ya zaro irinta, ƙura ta rufe ta amma ko ƙwarzane babu a jikinta. Mai Hoto ya ce tana aiki? Ya ce ba matsala. Batirinta na asali ne? Ba matsala. Za ta daɗe? Ba matsala.

"In ba ta yi mini ba, in dawo da ita?"

"To, Baba, nan ne ɗan matsalar take."

Mai Hoto ya ba shi abin da ke aljihunsa, ya haɗa masa da dogon idon kyamara da yake ajiyewa don manyan taruka, ya karɓo ta. A shago ya tura ƙofa, ya zauna ya yi wa baƙuwar kwalliyar marigayiya. Ya cire maratayin Tsohuwa da gumi ya mayar da shi baƙi ya ɗaura mata. Ya bi ta da salatif a wuraren da ba abin da ya ɓare, ya ɗaure lafiyayyen murfi da roba, ya ɗauki ƙusa ya yi mata tabo a gefe. Da safe ɗan ya ce, "Ya jikin Tsohuwa?" Mai Hoto ya ce da sauƙi.

Baƙuwar lafiyarta lau, kuma lafiyar ce ciwonta. Kafin ya buɗe baki ya ce an gama, ta riga ta ce *ƙyas*. Ya gwada faɗin an gama kafin ya danna, ba wanda ya yarda, domin ba bakinsa suke kallo ba, yatsansa suke kallo. Ya gwada sa ta jinkiri da agogonta, sai ta riƙa ƙyafta jar fitila tana ƙirge, mutane suka ƙara sandarewa. Hotuna suka fara fitowa tas, masu haske, masu kyau, kowa a ciki kamar an kira shi gaban alƙali. Wata tsohuwar malamar asibiti da take zuwa kowace shekara ta karɓi nata, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, ko rashin lafiya na yi ban sani ba?"

Matarsa ce ta fara ganewa. Ta kawo masa abincin rana ana tsakar ɗaukar wani, ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara. Da mutumin ya fita ta ce, "Yau Tsohuwa ba ta tari?" Ya ce ta sha magani. Ta dube shi, ta dubi kyamarar, ta ajiye kwano ta tafi, kuma ba ta ɗaga maganar a gida ba. Mijinta ne a gefe guda, ɗanta a ɗaya gefen, sai ta zaɓi ta yi shiru kowa ya ji haushinta.

Asirin ya tonu ne ranar da ɗan ya kawo matarsa da jaririnsu a ɗauke su hoto. Shi ya tashi yana jin muryar Tsohuwa, ya san halinta. Ya zauna ya rungume jariri, ya ce wa matarsa, "Idan Baba ya danna kada ki tashi, sai ta gama tunani." Mai Hoto ya danna. *Ƙyas*.

Ɗan ya dubi maratayin, ya dubi salatif ɗin da bai gama dafewa ba, ya dubi tabon ƙusa, sannan ya dubi hannun ubansa. Mai Hoto ya gyara tsayuwa. Tun ranar da ya dawo daga kasuwa yake tanadin wannan faɗa, ya shirya maganar batir, ya shirya maganar wanda ya biya kuɗin makaranta, ya shirya musu har gaban kawu. Jira kawai yake a taɓa shi.

Sai ɗan ya sunkuyar da kai, ya yi murmushi, ya ce da murya mai laushi, irin wadda ake yi wa majinyaci magana da ita, "Kai, Baba, ashe ta warke. To madalla. Allah ya ƙara mata lafiya."

Mai Hoto ya yi rayuwarsa yana kallon fuskokin aro, ba zai kasa gane ta ɗansa ba. Tausayi ne. Kwaɗayi da rashin kunya zai iya ja da su har ƙarfinsa ya ƙare, amma a ce ɗan da ya haifa ya gan shi tsirara ya kau da kai, ya bar shi ya ci gaba da wasansa kamar ƙaramin yaro, wannan ya fi masa mari zafi. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya buɗe durowar ƙasa, ya ɗauko gawar a cikin tawul ɗinta, ya ajiye ta a kan teburi. Ya zaro makullin shago ya ɗora a kai.

Ɗan ya ce, "Baba, ni fa ban ce komai ba."

Mai Hoto ya ce, "Na sani. Da ka ce wani abu, da mun yi wata guda muna faɗa ina buɗe shagona. Ɗauki."

Ɗan ya miƙa hannu, ya ɗauka kuwa.

Marigayiyar ta rasu ta bar mai ƙafa uku da ake ɗora ta a kansa, abokin zamanta na tsawon shekaru, wanda ƙafarsa ɗaya take ɗaure da waya. Ta bar fitila da farar laimarta. Ta bar labulen bango mai zanen matakala da furanni, wanda talakawa da yawa suka tsaya a gabansa kamar gidansu ne. Ta bar firinta, wadda ba ta taɓa ƙoshi da tawada ba kuma ba a sa ran rashin zai taɓa ta. Ta bar katunan memori cike da fuskokin mutanen da wasunsu sun riga ta tafiya. Baƙuwar nan ba ta cikin magada. An mayar da ita wurin Ba-Matsala, ya juya ta ya ce shi lafiyayya ya sayar, wannan kuwa an yi mata tabo da ƙusa, ba zai karɓa ba. Tana nan a cikin leda, duk mai so ya zo ya ɗauka, ba sai ya yi godiya ba.

Ta kuma bar Mai Hoto.

Ana miƙa godiya ga Likita, wanda ya riƙe amana, da tela maƙwabcin shago, wanda ya zo ya zauna bai ce komai ba. Waɗanda suka riga suka yi ta'aziyya da cewa ai waya ma tana ɗauka, an ji, an gode, ba sai sun ƙara zuwa ba. Mai sayen tsofaffin ƙarafa da ya zo tayin gawar tun kafin a sanar, an sallame shi yadda ya dace da shi.

Za a fitar da marigayiyar daga shago ranar Asabar da safe, kafin kafinta ya iso, domin sabon mai wurin ya riga ya auna bango zai kafa kantoci. Ba za a sa ta a ƙasa ba. Za a kai ta gida a cikin tawul ɗinta, a ajiye ta a akwatin da ke saman durowar kaya, inda hannun jikoki ba ya kaiwa. Duk wanda yake da hoton da bai karɓa ba ya zo ya cire abinsa daga bango kafin mai fenti ya fara aiki, ba za a tambaye shi komai ba. Ana roƙon masu rakiya su bar wayoyinsu a aljihu har a watse.

Mai Hoto zai karɓi gaisuwa a ƙofar gida, a kan farar kujerar roba da ke ƙarƙashin inuwa, daga lokacin da ya saba fita shago har lokacin da ya saba dawowa. Za a fara zaman ranar Asabar, a ci gaba ranar Lahadi, da Litinin ma. Ba a sa ranar tashi ba. Wanda bai samu zuwa a wannan makon ba kada ya damu kansa, duk ranar da ya zo zai tarar da shi.